Wakilin Unguwar Gangare

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a cikinmu, a nan ƙasar Amurka. Ba zan faɗi sunansa ba, domin ya bar 'ya'ya, kuma 'ya'yan ba su yi wa kowa laifi ba. Wanda ya gane shi a cikinku ya riƙe a ransa.

Karatu ya kawo shi New York, 'yan shekaru bayan Najeriya ta sami 'yancin kai. Ilimin tsara gari ya zo nema: inda titi zai bi, inda kasuwa za ta zauna, inda ruwa zai wuce in an yi ruwan sama. Saurayi ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da ladabi. Amma da yaƙi ya ɓarke a gida, tallafin karatunsa ya yanke, ya rasa ɗaki, ya rasa abinci, ga sanyin ƙasar nan da kuka sani.

Wanda ya tsince shi shi ne Malam Tsoho. Malam Tsoho mutumin Zangon Kumasi ne. Ya yi shekaru yana aiki a jirgin ruwa, da ƙarfi ya fara ja baya sai ya sauka, ya zauna a wani ƙaramin gari a bakin kogi, arewa da birnin nan, tafiyar jirgin ƙasa wadda ba ta gajiyar da mutum. A garin akwai masana'antar kwali. A dalilinsa mutanenmu suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, na Gana, na Nijar, na Najeriya, suka zauna tare da baƙaƙen fata 'yan ƙasa a unguwar da ke ƙasan tudu. Mu muka raɗa mata suna Gangare.

Ɗakin Malam Tsoho irin na ƙarƙashin gida ne, wanda ake sauka cikinsa ta matakala, tagarsa daidai ƙafar mai wucewa. A nan ya shimfiɗa wa saurayin nan katifa. Abin da ya ci shi ya ba shi. Saurayin ya riƙa shiga jirgi zuwa makaranta yana dawowa har ya gama. Da ya gama, Malam Tsoho ya ba shi auren 'yarsa Mariya, wadda ita kaɗai ta rage masa tun rasuwar mahaifiyarta.

Wane alheri ne ya rage bai yi masa ba?

Sai Allah ya buɗa wa mutumin nan. Hukumar wannan ƙaramin gari ta ɗauke shi aiki a ofishin tsara gari. Ranar da labari ya iso Gangare, mata suka yi girki kamar ana sallah. Namu ya shiga ofis! Ba a jima ba ya sami gida a unguwar Parkchester a cikin birnin New York, ya ɗauki Mariya suka koma, yana zuwa aiki daga can. Mariya ta yi ta roƙon mahaifinta ya bi su. Ya ce mata, "A ina kika taɓa jin mutum ya tare a gidan surukinsa? Bar ni a ramina."

To, Gangare tana da ciwo guda. Akwai rafi da ke gangarowa daga tudu, ya bi ta wani tsohon kwalbati a ƙarƙashin titi kafin ya faɗa kogi. Kwalbatin ya tsufa, kuma ya yi wa ruwan kaɗan. Duk shekara in ƙanƙara ta narke, ruwan sama ya biyo baya, sai rafin ya cika ya dawo da baya, ya shiga ɗakunan ƙasa. Mutane sun saba ɗora gado a kan bulo, su rataye buhun shinkafa a ƙusa. Sun kai kuka ofis har sun gaji. Amsa ɗaya ce kullum, wai gari ƙarami ne, ba shi da hali.

A shekarar 1974 gwamnatin tarayya ta fito da sabon tsari na ba garuruwa tallafi don gyaran unguwanni. Ku saurara da kyau, domin tsarin nan yana nan har gobe. Ba a cewa gari, ga abin da za ku yi. Garin ne zai zauna ya jera ayyukan da yake so, ya ce wannan ne farko, wannan ne na biyu, ya aika sama. Amma an gindaya sharaɗi. Aikin ya amfani masu ƙaramin ƙarfi, kuma kafin a aika da tsarin, dole a sanar, a kira taron jama'a, a ji ta bakin mazauna unguwa. Kun ga su ma sun san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mutumin nan da kansa ya kawo albishir Gangare. Aka taru ranar Lahadi bayan la'asar a ƙofar Malam Tsoho. Ba a yi gardama ba, kowa ya ce kwalbati. Sai wani mai suna Alhassan, mutumin Maraɗi, mai aiki a masana'antar, ya ce, "To in an sa ranar mitin ɗin, mu tafi gaba ɗayanmu, maza da mata, su ga yawanmu."

Malam Tsoho ya girgiza kai. Ya ce, "Haba Alhassan. Mu da ɗanmu a ciki? In muka yi gayya muka tafi, ai mun nuna wa Turawa ba mu yarda da shi ba. Shi ne idonmu, shi ne bakinmu. Ya faɗa musu abin da muka ce."

Aka ɗaga hannu aka yi fatiha. Kun san halinmu. In muka naɗa wakili, aka shafa addu'a, to mun sauke kaya ke nan, kowa ya koma ga tuwonsa.

Ashe a saman tudu ana wata shawarar. Masu kantunan tsakiyar gari suna kuka cewa ciniki ya mutu, masu saye sun koma manyan shagunan bakin babbar hanya saboda can akwai wurin ajiye mota. A bayan kantunan akwai wani fili mai faɗi, ciyawa da itatuwa. Suna so a share shi, a malala kwalta, ya zama wurin ajiye motoci. Magajin garin yana tare da su, domin su ne masu riƙe masa tsani lokacin zaɓe. Suka ce a rubuta cewa in ciniki ya farfaɗo talaka zai sami aiki, shi ke nan an cika sharaɗi.

Ya 'yan uwa, a duk ofishin nan babu wanda ya kai mutumin nan sanin abin da wannan ke nufi. Filin nan shi ke shanye rabin ruwan tudu. In aka rufe shi da kwalta, ruwan ba shi da wurin zuwa sai rafi, rafi kuwa ba shi da ƙofa sai wannan tsohon kwalbati. Shi ya auna, shi ya zana taswirar. Ya faɗa wa magajin gari sau ɗaya, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai neman gafara. Magajin gari ya dafa kafaɗarsa, ya ce kwalbati sai baɗi. Sannan ya ambata masa cewa shugaban ofis ya kusa ajiye aiki, kuma ana duba wanda zai gaje shi. Daga nan ya tambaye shi, ko mutanensa za su zo taro su tayar da ƙura?

Ya ce, "Bar ni da su."

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ba a ba shi cin hanci ba, kada ku ce na ce. Kujera kawai aka nuna masa daga nesa, da gayyatar cin abinci a gidan manya. Mutumin da ya kwana a katifar aro ya ga ƙofar girma a buɗe, sai ya manta da wanda ya shimfiɗa katifar.

Shi aka bar wa zaɓen ranar taro. Ya san mazan Gangare sun roƙi masu masana'anta tun da daɗewa, sun karɓi aikin Asabar domin a bar musu Juma'a. Ya san duk Juma'a da hantsi suna cika tasha, su shiga jirgi zuwa cikin birni don salla, ba sa dawowa sai yamma. Ya san maƙwabtansu 'yan ƙasa a wannan lokaci suna bakin inji. Ya san matanmu ba sa zuwa ofis ba tare da an ce su je ba. Baƙo ba zai san wannan ba. Sai ɗan gida.

Sai ya sa taron ranar Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana. Aka buga sanarwa a can bayan wata 'yar jaridar gari da babu mai karanta ta a Gangare. A idon doka, komai ya cika.

Ranar ta zo. Mutane suka isa masallaci, suka duba inda ya saba zama, ba ya nan. Aka ce aiki ne ya riƙe shi. Malam Tsoho har ya yi masa addu'a, ya ce Allah ya taimake shi, don wahalarmu yake yi.

A daidai lokacin da liman yake kan mumbari, shi yana zaune a zauren hukuma. Masu kantuna sun cika layin gaba, kujerun baya babu kowa. Mai jagorantar taro ya tambaya ko akwai wani daga unguwar ƙasan tudu. Mutumin nan ya miƙe, ya gyara kwat ɗinsa, ya ce su suka wakilto shi, kuma ba su da wata ƙorafi a kan tsarin.

Ya bar sallar Juma'a don ya yi shaidar zur a kan waɗanda suka tafi sallar. Ina tambayarku, da wace fuska mutum zai kalli alƙibla bayan wannan?

Aka aika da tsari, aka amince, tallafi ya sauko. Mutanen Gangare suka wayi gari suna jin ƙarar manyan motoci a kan tudu, ana tumɓuke itatuwa. Kwalbati kuwa ko tsinke ba a cire masa ba. Alhassan ya so ya tare shi ya tambaya. Aka ce masa, "Kai, surukin Malam Tsoho ne fa. In ka tuhume shi, dattijon ka ci wa fuska." Sai ya haɗiye maganarsa.

Shi ma Malam Tsoho kunya ta ɗaure masa baki. In surukin ya zo gaisuwa, sai ya durƙusa daga bakin ƙofa, dattijon ya kawar da kai gefe, a yi ina gajiya, ina iyali, a tashi. Ko sunansa ba ya kira. Sau ɗaya ne ya kusa tambaya. Ya ce, yana kallon bango, "Malam, ruwa dai yana nan tafe."

Surukin ya ce, "Ana kan maganar, Baba."

Dattijon ya ce, "To madalla. Allah ya yi albarka."

Ina jin zafin wannan albarka har cikin raina. An sa masa ita da zuciya ɗaya, shi kuwa ya ce amin, ya tashi ya kaɗe gwiwar wandonsa ya tafi.

Ya sami kujerar. Aka rubuta sunansa a jikin ƙofa. Shekarar farko ruwa bai yi yawa ba, ya shiga ɗakuna ya fita kamar yadda ya saba, sai mutumin nan ya ce a ransa ashe ma tsoro ne kawai. Haka Shaiɗan yake yi, yana ba ka shekara guda ta lafiya don ka saki jiki. Maganar kwalbati kuma aka sake ɗaga ta zuwa wani baɗin.

A cikin wannan tsakani Malam Tsoho ya sami shanyewar ɓarin jiki. Ba ya iya hawa matakala sai an tallafe shi. Mariya tana zuwa tana dubawa, maƙwabta suna kai masa abinci. Ta sake roƙo ya koma wurinsu, ya sake ƙi. Mijinta yana ji, ya san abin da ke rataye a kan ɗakin nan, bai buɗe baki ya ce a fitar da tsohon ko zuwa ɗakin sama na maƙwabci ba. In ya faɗa, za a tambaye shi dalili.

A shekarar 1977 aka yi ƙanƙara mai yawa, ta daɗe a ƙasa. Da ta fara narkewa, sai ruwan sama ya sauko a kanta wata safiya, kamar da bakin ƙwarya. Maza suna masana'anta, yara suna makaranta. Ruwan da a da ƙasa ke sha a hankali ya zubo daga kan kwalta gaba ɗaya. Ya kwaso rassa da tarkace ya toshe bakin kwalbati, sannan ya juya ya nufi gidaje.

Wata maƙwabciya, baƙar fata 'yar ƙasa, ta ji muryar Malam Tsoho yana salati. Ta sauka ta tura ƙofa, ruwa ya riga ya danne ƙofar daga ciki. Ta fito titi tana ihu. Kafin maza su rugo daga masana'anta su fasa taga, ɗakin ya cika. Suka same shi a kan matakalar ciki, ya ja jiki har rabi.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutumin da ya yi shekaru a kan teku bai nutse ba, ya zo ya nutse a cikin ɗakinsa.

A wurin jana'iza surukin ne ya shiga kabari ya karɓi gawa. Ya yi kuka har aka riƙe shi. Mutane suna ba shi haƙuri, suna cewa ka yi iya ƙoƙarinka, Turawa ne ba su ji ba.

Bayan kwana bakwai hukuma ta kira taro a kan ambaliyar. Wannan karon babu wanda ya ce a tura wakili. Gangare ta tashi kaf, har da Mariya cikin mayafin makoki. Aka yi ta zafafan maganganu. Da magajin gari ya ga wuta ta nufo shi, sai ya ce shi bai ga laifin hukuma ba. An kira taro kamar yadda doka ta ce, babu wanda ya zo daga unguwarsu, kuma mutuminsu ya tashi a gaban kowa ya ce sun amince.

Alhassan ya miƙe, da ɗan Turancinsa, ya ce, "Wane taro? Yaushe?"

Aka ce ranar Juma'a, ƙarfe ɗaya.

Babu wanda yake bukatar ƙarin bayani. Kowa ya san inda yake duk Juma'a ƙarfe ɗaya, kuma kowa ya san mutum ɗaya ne a ofishin nan ya san haka. Mariya ta juya ta dubi mijinta a kan teburin manya. Ta ce da Hausa, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji, "Kai ka zaɓi ranar?"

Ya sunkuyar da kai.

Daga nan komai ya zube. Masu bincike suka zo daga gwamnatin tarayya. Waɗanda ya saba cin abinci a gidajensu suka haɗa baki, suka ce shi ne masani, shi ne ya san mutanen, da maganarsa aka yi aiki. Aka sallame shi, kuma babu garin da ya sake ɗaukarsa. Mariya ta kwashe 'ya'yanta ta koma unguwar Park Hill a cikin birni wurin wata gwaggonta. Gidajen Gangare aka ce ba su zaunuwa, aka rushe. Mutanen da Malam Tsoho ya tara shekara da shekaru suka watse, wasu suka nufi unguwannin birni irin su Tompkinsville da Bronx, wasu suka koma gida. Da yawanku da ke zaune a gabana daga can kuka zo.

Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya ɗaga masa hannu. In an haɗu a yi sallama a wuce. Gidan Parkchester ya fi ƙarfinsa, ya bar shi. Ya riƙa kwana inda ya samu.

Sannan aka fara ganin wani abu. Duk ranar da hadari ya haɗu, sai ga shi a unguwannin da mutanenmu suka koma, cikin tsohon kwat ɗinsa, ba laima. Yana bin gidaje ɗaya bayan ɗaya, yana sauka matakalar ɗakunan ƙasa, yana buga ƙofa, yana cewa, "Ku fito, ruwa na zuwa. Akwai tsoho a ciki? Ku fito da shi." Wasu su kore shi, wasu su kira 'yan sanda, yara su bi shi suna dariya. Har unguwannin da ko rafi babu, a kan tudu, shi bai bar ƙofa ko ɗaya ba.

Maganar gaskiya ce, ya 'yan uwa. Ita ce maganar da aka ba shi amanar faɗa. Da ya faɗe ta a zauren nan ranar Juma'a, da ta ceci rai. Ya riƙe ta har lokacinta ya wuce, sai ta zama maganar mahaukaci.

Bara, bayan wani ruwa da ya yini yana yi masa duka a Tompkinsville, ciwon huhu ya kama shi. Aka kai shi asibiti. Da ya ji jiki ya yi nauyi, ya roƙa a kira masa Mariya. Ta zo, ta tsaya daga wajen ƙafafunsa. Ya roƙe ta ta yafe masa. Ta ɗago ta dube shi. Sannan ta ce, "Nawa na yafe, don Allah da kuma 'ya'yan nan. Na Baba kuwa ba a hannuna yake ba. Sai kun haɗu."

Bai ƙara kwana biyu ba. Alhassan ne ya yi masa wanka.

To me muka koya? Amana ba kuɗi ko kaya kaɗai ba ce. In mutane suka ce kai ne bakinmu, to harshenka ya zama ajiya, kuma za a tambaye ka a kansa. Ilimin da Allah ya ba ka ajiya ne. Sanin sirrin mutanenka, lokacin fitarsu da lokacin shigarsu, shi ma ajiya ne. Mutum yana iya cika kowane sharaɗin doka, takardunsa su fita tsaf, alhali ya ci amana tun daga tushe. Kuma haƙƙin bawa Allah ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe. Ina za ka sami mai shi in yana cikin ƙasa?

Mu ma kada mu wanke kanmu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kunya ado ce, kuma tana cikin imani, amma kunyar da za ta hana ka tambayar wakilinka me ya faɗa da sunanka, wannan ba ita addini ya yaba ba. Tambaya ba cin fuska ba ce. Da mutum ɗaya ya daure ya tambaya tun ana tumɓuke itatuwa, da wataƙila an ceci tsohon, an ceci surukin ma daga kansa. In kun ji an kira taro a kan unguwarku, ku tashi ku je da ƙafarku, maza da mata. Zuwa da kai ya fi aike.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ya Allah ka jiƙan Malam Tsoho, ka karɓi shahadarsa. Ka sassauta wa bawanka da ya zalunci kansa, ka shirya masa zuriyarsa. Kada ka ɗora mana amanar da za ta fi ƙarfinmu, in ka ɗora kuma ka ba mu ikon faɗin gaskiya tun tana da amfani. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda suka yarda da mu daga sharrinmu. Amin.